Ambulan a Bakin Tabarma

Agege, Legas
3 ga Yuni

Zuwa ga Kawu Badaru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Funtuwa. Yaya kunnen? Ran Lahadi sau uku na kira ka, ina ta "Kawu, Kawu", kai kana ta "wane ne?" har katina ya ƙare. Shi ya sa na koma irin taku ta da, na ba Alu direban tirelar shanu wannan takarda, tunda duk sati biyu sai ya sauke kaya a mayankarmu ya juya gida.

Yayarka Inna Laraba tana nan yadda ka bar ta, ƙafafu sun ƙi, baki kuwa garau. Maigidana Saminu ciwon cikin nan ya dawo masa, amma yana fita kasuwa.

Kawu, shekara talatin ka yi kana rajistara a kotu, yau ranarka ta zo. Ka san gidan da Baba ya bar mana a bakin layin dogo: ɗakuna takwas masu kallon juna, lungu ɗaya a tsakiya, ƙofar fita ɗaya tal, ta baya kuwa katanga ce. Ɗakin da ke manne da na Inna wani Khamisu ne a ciki. Shekara tara ke nan da Baba ya ba shi, ba takarda ba komai, wai ɗan gida ne daga Arewa. A da okada yake yi. Da aka takura wa 'yan okada sai ya koma sayar da fetur a kwalba ga masu keke da masu janareta, kuma a ɗakin nan yake tara shi. Rannan ya bar ƙofa a buɗe na leƙa, jarka goma sha huɗu na gani jere a jikin bangon da kan gadon Inna yake.

Gidan duk wari yake. Inna kullum da ciwon kai take tashi. In matan haya suka kunna gas a kicin, gabana faɗuwa yake yi har su sauke tukunya. Na yi masa magana da lalama, ya ce, "Hajiya, sana'a ce, ko in je in yi sata?" Na kai ƙara wurin dattawan unguwa, suka ce a yi haƙuri, ɗan'uwa ne. Na kai ƙara wurin hukuma, suka sa rana suka zo, suka tarar da ɗaki fes, katifa da buta kawai. Washegari jarkokin suka dawo.

Saminu ya ce zai ɓalle masa ƙofa ya cire kwanon rufin ɗakin, ruwan sama ya kore shi. Na ce ya dakata in ji daga bakinka. Shekarar hayarsa tana cika ƙarshen Disamba, kuma ba na son ya ƙara kwana ɗaya a kanta. Tsoro nake ji, Kawu. In wuta ta tashi a lungun nan, wa zai fitar da Inna?

'Yarka,
Mastura

Funtuwa
12 ga Yuni

'Yata Mastura,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Kunne yana nan, yana jin abin da ya ga dama. Ki duba min Yaya Laraba, ki ce wa Saminu ya je asibiti ya daina shan jiƙe-jiƙe.

Sannan ki ce masa ya ajiye guduma. Wanda ya cire wa ɗan haya ƙofa ko rufi, ko ya yanke masa wuta da ruwa don ya tashi, shi doka take kamawa. Sai ki ga mai fetur ya zama mai ƙara, mai gida yana tsaye a akwatin kotu yana share gumi. Na ga irin haka ba sau ɗaya ba.

Gida naki ne, ba wanda zai tilasta miki ki sabunta masa haya. Amma abin matakala ne, kuma ba a tsallake ko ɗaya. Tunda shekara-shekara yake biya, sai a ba shi notis, wato takardar tashi, na wata shida a rubuce, kada kuma wa'adin ya ƙare kafin shekararsa ta cika. Kin ga ke nan dole takarda ta shiga hannunsa kafin watan nan ya mutu. A miƙa masa gaban shaida, ki riƙe kwafi. In wa'adi ya cika bai tashi ba, a sake ba shi takardar kwana bakwai, a shaida masa za a je kotu. In ya yi kunnen ƙashi, sai kotu, kuma ma'aikatan kotu ne za su fitar da shi, ke ko tsintsiyarsa kada ki taɓa. Dokar Legas tana da nata ƙa'idoji da suka bambanta da namu, saboda haka ki samu lauya ya rubuta, kada ki ba mai buga takarda na bakin titi.

Ga wadda na fi so ki riƙe. Daga ranar da notis ya shiga hannunsa, kada ki karɓi ko sisi daga gare shi na hayar shekara mai zuwa. Kada mijinki ya karɓa, kada a bar miki a hannun wani. In kika karɓa, zai tsaya gaban alƙali ya ce da bakinki kika kore shi, da hannunki kika dawo da shi, kuma a kan irin wannan na ga shari'ar da aka gina wata da watanni ta zube.

Na san wata shida suna da tsawo ga wanda yake kwana kusa da jarka. Sannu ba ta hana zuwa. Kafin nan ki sayi tukunyar kashe gobara ki rataye a lungu, ki hana shan taba a gidan.

Ubanki marigayi mutumin kirki ne, amma da ya ji maganata ya rubuta yarjejeniya tun farko, da ba mu zo nan ba.

Kawunki,
Badaru

Agege
9 ga Agusta

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ka yi haƙuri da shiruna, asibiti muke ta sintiri da Saminu. Sun ce hanta ce. Ya rame ƙwarai, yanzu ko masallaci sai ya huta a hanya.

Na yi yadda ka ce. Na samu lauya 'yar unguwarmu, Barista Bilkis, ita ta rubuta notis, aka miƙa masa ran ashirin da huɗu ga Yuni gaban mutum biyu. Na zaci zai yi zagi, har na shirya kunnena. Sai ya sa aka karanta masa, ya ninke takardar gida huɗu ya cusa a hula, ya dube ni ya ce, "Ba komai, Hajiya. Allah ya kai mu."

Tun ranar ya zama wani mutum. Shi ne gaisuwa har ƙasa, shi ne share lungu, shi ne "Mama, yaya ƙafa?" a bakin ƙofar Inna. Wallahi gara min lokacin da yake ɗaure fuska. Jarkokin kuwa ba su ragu ba, har durum ƙarami ya shigo da shi.

Sau biyu yana kawo min kuɗin shekara mai zuwa, wai gara ya biya da wuri kada ya cinye. Na sa hannuwana a baya kamar 'yar makaranta. Ya tare Saminu a zaure, shi ma ya ƙi. Daga baya Kalsum, matar da ke ɗakin farko, wadda ta zama kamar 'yar'uwa a wurina, ta ce ya tambaye ta lambar asusuna na banki. Allah ya so tun zamanin Baba hannu da hannu yake biya, bai taɓa samun lambar ba. Kawu, mutumin nan ya san abin da ka sani, wani yana gaya masa.

Saura wata huɗu da 'yan kwanaki. Ka sa mu a addu'a.

Mastura

Funtuwa
4 ga Nuwamba

'Yata Mastura,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Jiya ɗana Nazir ya shigo ya rubuta min a takarda cewa an bugo daga Legas, Saminu ya cika. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya ba ki haƙuri da dangana, ya sa in tamu ta zo mu cika da imani. Da jiki zai bar ni da na biyo Alu, amma likita ya hana ni doguwar tafiya.

Kin shiga takaba, wata huɗu da kwana goma ba fita. Ki ajiye maganar gida tukuna, takarda tana aikinta ko kina zaune. Duk wanda ya zo miki ta'aziyya ki karɓe shi hannu bibbiyu, har shi wancan mutumin in ya zo. Mutuwa ta fi gaban rigima, kuma ba a juya wa mai gaisuwa baya. Kada a ce 'yar Malam ta wulakanta maƙwabci a zaman makoki.

Ki rarrashi Yaya Laraba. Ta ɗauki Saminu kamar ɗan cikinta.

Kawunki,
Badaru

Agege
13 ga Nuwamba

Kawu,

Takardarka ta same ni ran kwana huɗu da rasuwar, na karanta na yi kuka. Na gode, Allah ya bar zumunci. Haƙuri da godiya. An yi addu'ar uku, an yi ta bakwai, jama'a har kan layin dogo, mahauta da 'yan burodi da Yarabawan da suka yi ciniki da shi. A cikin cunkoson nan wayata ta ɓace, ban kuma damu da neman wata ba, ba ni da bakin magana da kowa yanzu.

Gidan ya yi min girma. Da safe sai in zuba shayi kofi biyu kafin in tuna.

Bari in gaya maka abin da zai ba ka mamaki. Khamisu shi ya ɗauki makara, shi ya kafa rumfa, kwana uku bai sayar da fetur ba. Ran kwana shida da hantsi ya yi sallama ya shigo ɗakin da nake zaune da mata, tare da mutum biyu, wani dattijo mai sayar da taya da wani abokinsa Bayarabe da ke ta latsa waya. Ya durƙusa ya yi min ta'aziyya, har muryarsa na rawa. Da zai tashi sai ya ajiye ambulan a bakin tabarmata ya ce, "Hajiya, ga wannan."

Gaskiya sai da hannuna ya tsaya. Amma ɗaki cike da mata, kowa ya zo da abin da ya samu, wannan sabulu, wannan shinkafa, wannan ambulan, ban mayar wa kowa ba. Sai maganarka ta faɗo min, cewa ba a juya wa mai gaisuwa baya. Na ɗauka na ce, "Na karɓa, na gode, Allah ya saka da alheri." Ya ce amin, ya fita.

Ban buɗe ba, kai ma ka san ba a buɗe gaisuwa a gaban jama'a, bayan an watse kuma ba ni da zuciyar duba irin waɗannan abubuwa. Na dai ji tana da kauri. Na jefa ta cikin jaka tare da sauran, na ba Kalsum ta adana, da su za a yi sadakar arba'in. Wataƙila mutuwar nan ta taɓa shi, Kawu. Wataƙila ya tashi salin-alin in Disamba ta ƙare.

Mastura

Funtuwa
19 ga Nuwamba

Mastura,

Ki yafe min, yau gaisuwa a taƙaice. Na karanta takardarki sau uku, abinci ya ƙi shiga.

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Mutumin da ya bi ki da kuɗi sau biyu, ya bi mijinki, ya nemi lambar asusunki, shi ne zai zo ta'aziyya da shaidu biyu? Wa yake zuwa gaisuwar mutuwa da shaida? Shi kuma mai latsa wayar, me yake latsawa?

Da na ce ki karɓe shi, mutumin nake nufi. Ban yi tunanin hannunsa ba, kuma laifina ne, ya kamata in rubuta miki a fili.

Yanzun nan, kafin ki ajiye wannan takarda, ki aika a kira Barista. A buɗe ambulan ɗin a gabanta. Duk abin da ke ciki a mayar masa a ranar, tare da wasiƙar lauya cewa ba ki karɓi haya ba kuma notis yana nan daram. In aka mayar da wuri, magana ta mutu. Kada a taɓa ko takarda ɗaya a ciki, kada a sayi ko gishiri da shi.

Nazir ya buga wayarki ya fi sau ashirin, a kashe. Ta Saminu ma a kashe. Ba mu da lambar kowa a gidan. Na roƙi Alu ya fara biyowa ta wurinki kafin ya sauke shanu.

Badaru

Agege
21 ga Disamba

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Inna tana gaishe ka. Ni ma da sauƙi, in ana kiran wannan sauƙi.

Takardarka ta sha tara ga Nuwamba ran sha shida ga wannan wata ta iso. Motar Alu ta lalace a Mokwa, aka juye shanun a wata, shi ya zauna jiran injin sati uku da takardar a aljihun gaban mota. Ya kawo ta duk baƙin mai, yana ba ni haƙuri. Ranar da ya kawo ta, kwana uku ke nan da yin addu'ar arba'in.

Kalsum ta zazzage ambulan ɗin duka a zani ɗaya ta tafi kasuwa, aka sayi shinkafa da rago, aka ciyar da unguwa. Khamisu ma ya ci, na ji muryarsa a waje yana cewa a ƙara masa nama. Washegari takardar lauyansa ta iso, wai suna godiya da na karɓi hayar shekara mai zuwa cif ran takwas ga Nuwamba gaban shaidu, saboda haka sun ɗauka na janye notis. Na tambayi Kalsum, ta ce lallai akwai wata 'yar takarda da Turanci a naɗe cikin kuɗin, ita ba ta yi boko ba, ta zaci addu'a ce ta sa a ƙarƙashin filo. Ta ɗauko. Sunansa, lambar ɗaki, Janairu zuwa Disamba. Tana ta kuka, na ce ta yi shiru, ni na miƙa hannu.

Barista Bilkis ta zo har ɗaki tunda ni ba na fita. Sun tura mata hoton bidiyo: ga ni a tabarma cikin mayafi, ga ambulan a hannuna, ga bakina yana cewa na karɓa na gode. Ta ce, "Anti, za mu yi faɗa, alƙali ba yaro ba ne, zai iya gane wayo ne. Amma kusan kwana arba'in kuɗin suna gidanki, kuma an kashe su. Kin ba shi igiyar da zai yi ta jan shari'a, wata nawa ban sani ba." Ta ce don rigakafi za mu sake ba shi sabon notis, shi kuma in an bi lissafinsa ba zai ƙare ba sai Disambar baɗi.

Na haɗa kuɗin na aika masa ta hannunta. Ya ƙi taɓawa. Ya zo bakin ƙofata da kansa, ya rusuna, ya ce, "Haba Hajiya. Ai ba a mayar da gaisuwa."

Ban ga laifinka ba, Kawu. Ka ce in karɓe shi hannu bibbiyu, na karɓa, haka aka rene mu. Shi ma ya san haka aka rene mu, shi ya sa ya jira.

Na so in mayar da Inna ɗakina na kusa da ƙofa, ta ce ɗakin da Malam ya bar ta, daga nan za a ɗauke ta. Sai ni na kwaso tabarmata na dawo wurinta. Shekaranjiya na ce mata zo ki sha iska, na goya ta zuwa bakin ƙofar gida. Tana ta dariya tana cewa na tuna mata da goyona. Ni kuwa taku nake ƙirgawa. Ashirin da uku ne, kuma dole sai an wuce ta gaban ɗakinsa.

Ran Juma'a Khamisu ya kawo matarsa daga gida, Ni'ima, yarinya mai kunya da ciki ya fara fitowa. Ya ce shi matarsa ba ta cuɗanya da 'yan haya, ba za ta je kicin na baya ba, ya sayo mata risho. A cikin ɗakin take girki. Na kira ta na nuna mata jarkokin na ce ko ta san abin da ke ciki, ta ce mijinta ya ce in an rufe bakinsu da kyau ba komai.

Yanzu azahar ta wuce. Ina rubutun nan bayana jingine da bangon, ina jin tana soya albasa, ina jin ɗumin ta jikin bulo. Inna ta ce, "Kai, amaryar nan ta iya miya." Ɗazu Ni'ima ta yi sallama da kwano a rufe, ta durƙusa ta miƙo min da hannu biyu, wai abincinta na farko a gidan, a sa mata albarka. Na dubi kwanon, na dubi yarinyar, hannuwana suka koma baya da kansu. Na ce ta ajiye a ƙasa. Ta fita idonta ya ciko da hawaye.

Yana nan a bakin tabarma, ya fara hucewa, Inna tana tambaya me nake jira. Kai ka san doka, Kawu. Wannan in na ɗauka, me na karɓa?

'Yarka,
Mastura